Shekarar da Gumin Inna Ya Karye

Har yau in ƙanshin shinkafa mai turara ya buge ni, sai idona ya yi nauyi, in tsinci kaina kwance gindin ɗunyar bayan gidanmu a Argungu, gulbi yana ƙyalli can ƙasa, Inna tana gyangyaɗi da faifai bisa cinya. Turawa ba su tafi ba tukuna, saura musu shekara uku. Ni Safiyatu ina da 'ya'ya biyu a lokacin, gidan mijina yana manne da namu, kullum da safe nakan ratso ta ƙofar baya in taya Inna aiki.

Sana'ar Inna gumi ce. Sunanta Hure, kuma in ka ce gumin Hure a kasuwar Birnin Kebbi ba mai tambayarka wace Hure. A jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓuntu ba, ta kwana a ruwa, a turara ta a manyan tukwane har bakinta ya tsage, a shanya a daɓe, sannan a casa a turmi. Kowa haka yake yi. Amma ta Inna in an casa, ƙwaya take fita doguwa, ja-ja, sai ka tona kafin ka ga karyayya guda. Shekara ashirin da 'yan kai Malam Maiwada, wani falke na Birnin Kebbi, yana tuƙo jirginsa ya tsaya mashigin gidanmu, ya ɗauki gumin Inna ba tare da ya kwance bakin buhu ba. Tun rasuwar Baba, wannan sunan shi ne abin da Inna ta mallaka a duniya. Shi ya ciyar da mu, shi ya ɗinka wa Sahabi rigar makaranta.

Sahabi ƙanena ne, autan Inna, wanda ba a ɗaga wa murya. Boko ta ɗauke shi tun yana ƙarami, daga elemantare zuwa midil a Sakkwato, daga nan har babbar kwaleji a Zariya, inda yake karatun kasuwanci. Na taɓa tambayarsa, to kasuwanci kuma har sai an je Zariya? Ya ce abu biyu ake koya musu: yadda ake juya jari kada ya kwanta, da yadda ake tsara aiki kada hannu ko lokaci ya tafi a banza. Na ce ashe dai abin da Inna take yi ne, sai dai ku da takalmi kuke yi. Ya yi dariya. Shi ba ya fushi, abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan.

Da bazarar shekarar ya zo hutu da agogon hannu, da baƙin takalmi sau-ciki, da wani littafi mai layi-layi. Malaminsu ne ya ba su aiki, kowa ya je garinsu ya sa ido kan wata sana'a, ya auna ta daga farko har ƙarshe, ya rubuto inda lokaci ke zubewa da yadda za a toshe. Shi kuwa duk Argungu bai ga sana'ar kowa ba sai ta uwarsa.

Kwana uku yana zaune bisa kifaffen turmi yana kallonmu, ni da Inna da Kulsumi da Baiwa, maƙwabtanmu biyu da ke taya mu. In Kulsumi ta sauke tukunya ya dubi agogo. In Baiwa ta gangara gulbi ɗebo ruwa ya dubi agogo, ta dawo ya sake duba.

Baiwa ta ce, "Malam Sahabi, in atishawa ta zo min in hwaɗa maka ka rubuta?"

Inna ta ce, "Ku ƙyale min ɗa. Aiki shika yi." Tana faɗa tana satar kallonsa, daɗi kamar ya kashe ta.

Akwai wani abu da muke yi wanda ban taɓa tsayawa na ce aiki ne ko ba aiki ba ne. Da hantsi muke baza shinkafa a daɓe, muna bi muna juya ta da ƙafa, muna ja mata layi. Can rana ta doshi tsaka, sai Inna ta tsaya cak a tsakiyar shanya, ta ɗan motsa yatsun ƙafarta, ta ce, "Ku tara." Mu tara tsibi-tsibi a inuwa, mu lulluɓe da tsofaffin tabarmi, mu kwanta gindin ɗunya.

Wayyo wannan kwanciya! Iska na tasowa daga gulbi da ɗan sanyi-sanyi, ƙanshin gumi na fita ta ƙarƙashin tabarma, can nesa wani masunci yana bubbuga gorarsa, kurciya na kuka ba ta gajiya. Ba barci ba ne sosai, ba kuma ido biyu ba. Kulsumi takan fara labari ta bar shi a tsakiya, ba mai neman ƙarshensa. Ni nakan ga jirage suna tafiya sama da ruwa, bisa hucin rana, ban sani ba ko idona ne ko mafarki. Sai la'asar ta yi sanyi mu sake bazawa kaɗan. Gobe haka, jibi haka. Kwana uku kowace shanya take ci kafin a casa.

Ran na huɗu Malam Maiwada ya iso. Bayan an gaisa an sha ruwa, ya ce wani babban ɗan kasuwa daga kudu yana son buhu ashirin na gumi mai kyau nan da kwana goma, in abin ya yi masa, kowace shekara zai dawo.

Inna ta lissafa kwanaki da yatsu. Ta ce, "Sha biyu dai, Malam. Ban iya wuce nan."

Ya ce, "To, ba laihi, Hure. Sauran takwas sai in leƙa wurin Balaraba."

Balaraba ita ma gumi take yi a unguwar gaba, nata ba laifi, amma bai kai na Inna ba, ita ma ta sani. Sai Sahabi ya taso daga kan turminsa, ya rusuna, ya ce, "Baba Maiwada, ashirin ɗin duka nan za ku samu, in Allah ya yarda." Malam Maiwada ya dubi Inna. Inna ta dubi ɗanta, ta sunkuyar da kai, ba ta ce a'a ba. Da haka jirgi ya juya.

Da yamma Sahabi ya buɗe mana littafinsa gindin ɗunya. Ya ce ya auna, kullum awa huɗu cur shinkafa tana ƙarƙashin tabarma, kuma a lokacin da rana ta fi ƙarfi, ranar da Allah ya ba mu kyauta. Ya ce wannan tsibin jari ne kwance, mu kuma hannu takwas ne kwance kusa da shi. In aka bar shanya a rana tun hantsi har la'asar, yini guda ta bushe. Sannan maimakon a riƙa kiran masu casa duk bayan kwana uku su zo su yi ta jira, a gama shanya duka, a tara su gaba ɗaya a kwana biyun ƙarshe.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya nuna mana bakin gulbi da alƙalami, ya ce nan za a kafa rumfar kwano, can a girka injin casa, motoci su riƙa tsayawa a bakin hanya, buhuna kowanne da sunan Inna a jiki, har Ikko, har bayan teku. Rana tana faɗuwa, ruwa ya yi ja, shi yana ta faɗi a hankali. Wallahi ni ma da nake hararsa sai da na ga rumfar nan tsaye, kwanonta yana ƙyalli. Inna kuwa ta lumshe ido, tana murmushi.

Can ta ce, "Amma dai, Auta, shinkahwa tana son ta huta."

Ya ce, "Don me, Inna?"

Shekara arba'in tana aikin nan, ba wanda ya taɓa tambayarta don me. Ta ce, "Haka na iske uwata na yi."

Ya ce da ita cikin ladabi, har da dafa mata hannu, "Inna, malaminmu ya ce ko'ina muka je amsar da za a ba mu ke nan."

Na ce, "Kai da malamin naka wa ya taɓa turara ko mudu guda?"

Inna ta ce, "Ke, bari. Shi anka kai karatu. Mu mi munka sani?"

Wannan maganar ta soke ni. Har yau in na tuna sai na ji zafinta, kuma ba Sahabi na fi jin haushi ba, ita na fi ji.

Washegari aka fara sabon tsari. Gaskiya ɗaya, yaron bai zauna kan turmi ba. Shi ke ɗaukar kwando, shi ke faskare, shi ke kawo mana ruwan sha, yana 'yar waƙarsa. Da rana ta take, shinkafa ta yi zafin da ƙafa ba ta iya taka ta, sai ya kafa wani guntun katako a bakin dogon gora, ya ce mu riƙa juyawa da shi daga gefe, ba sai mun ƙone ba. Kulsumi har albarka ta sa masa. Ba wanda ya lura cewa daga ranar ƙafar Inna ta fita daga cikin shinkafa.

Ni dai na riƙa kallonta. In rana ta doshi tsaka sai ta zo bakin daɓe ta tsaya, yatsun ƙafarta suna motsi a cikin yashi, sannan ta juya ta koma wurin tukwane. Ɗunya tana can da inuwarta ba kowa sai awaki. Ran na uku na gan ta ta ɗauki ƙwaya guda daga busasshen tsibi, ta ɓare, ta ciza. Ta tsaya. Ta ɗauki wata ta ciza.

Na matsa na ce, "Inna, in kin ji wani abu ki yi magana."

Ta tofar, ta ce, "Wataƙila haƙorana ne." Ta dubi inda Sahabi yake jera buhuna yana ƙirga da murna, ta ce, "Dubi yadda yaro ke jin daɗi."

Kwana bakwai muka gama shanyar da ya kamata ta ci kusan kwana ashirin. Duk shansherar da Inna ta ajiye ta shekarar ta shiga, sai buhu biyu da suka rage a rumbu. Ran na takwas mata goma sha biyu suka zo da taɓarensu, aka jera turame shida. Tun bugun farko na ji sautin ba shi ba ne. Gumin Inna in ana casa wani ɗan dum-dum yake yi mai taushi, wannan kuwa ƙas-ƙas, sai ka ce ana daka tsakuwa. Baiwa ta kwashe turmin farko ta bakace a faifai. Ɓuntu ya tashi, abin da ya rage a faifai tsaki ne, gutsattsari, irin wanda ake watsa wa kaji.

Aka ce wataƙila hannu ne ya yi nauyi. Aka sake, a hankali. Tsaki. Aka ɗebo daga shanyar ran farko, daga ta tsakiya, daga ta jiya. Duk tsaki. Taɓare suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, har ba ka jin komai sai kurciyar nan.

Sahabi ya dubi agogonsa, sannan ya buɗe littafi, wai ko amsar tana ciki. Daga baya ya tsuguna ya ɗauki ƙwayar da ba a casa ba, ya ɓare ta da farce, ya ɗaga ta saitin rana. Na leƙa ta kafaɗarsa. Ƙwayar tana nan ɗaya, amma cikinta duk tsaga ne, uku, huɗu, a gicciye. Tun a daɓe ta karye, ɓuntu ne kawai ya rufa mata asiri. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, ba da kowa yake ba, zafi ya busar da bayanta da sauri alhali cikinta da sauran danshi, baya ya ja, ciki bai ja ba. Waccan lulluɓewar da muke yi, ita ke ba danshin ciki damar fitowa a hankali.

Ya ce, "Ashe ba kwance take ba."

Na ce, "Ashe! Yanzu ka ga ashe? Da ka bar mu mun casa ko turmi guda ran farko, da ba mu gani ba? Kai da agogonka da takalminka, ka zo ka cinye wa tsohuwa shekara ashirin a kwana bakwai!" Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Bai ɗaga kai ba.

Inna ta ce, "Ya isa. Ku ci gaba da casa. Tsaki ma abinci ne."

Ran na goma da hantsi jirgin Malam Maiwada ya tsaya mashiginmu. Buhu ashirin suna jere, an ɗaure bakinsu tsaf. Ya yi hamdala, ya dafa kafaɗar Sahabi, ya ce lallai boko gaskiya ce. Ya juya zai sa a fara lodi, yadda ya saba, ba tare da ya duba ba. Allah ya gafarta mini, na yi fatan Inna ta yi shiru.

Ta ce, "Malam, kwance ka duba."

Ya yi dariya, ya ce, "Ni da gumin Hure?"

Ta ce, "Kwance dai."

Ya kwance, ya tura hannu har gwiwa, ya ɗebo. Tsaki ya zubo ta tsakanin yatsunsa. Ya kwance na biyu. Bai kwance na uku ba. Ya ce, "Hure, lahiya?"

Sahabi ya matso, ya ce, "Baba Maiwada, ni ne na..."

Inna ta tari numfashinsa, abin da ban taɓa ganin ta yi masa ba. Ta ce, "Tsuhwa ce, Malam. Ƙahwata ta daina gaya min gaskiya. Na bar ta ta wuce lokaci ga rana. Yaro dai ɗaukar kwando ya taya mu."

Malam Maiwada ya dube ta da tausayi, wanda ya fi zagi ciwo. Ya ce, "Allah Sarki. Haka girma yake. Allah shi ba da lahiya." Ya ce mutumin kudu ba zai karɓi wannan ba, ita ma ta sani. Ya kakkaɓe hannu, ya shiga jirgi, muna tsaye muna kallo ya karya ya nufi mashigin su Balaraba.

Da muka shiga gida na tsare ta a ɗaki. Na ce, "Inna, don me? Kafin Juma'a duk kasuwar Birnin Kebbi ta ji Hure ta tsufa."

Ta zauna bakin gado tana murza ƙafa. Ta ce, "Su ji. In sunka ji ɗan Hure da anka kai Zariya ya zo ya karya shinkahwar uwa tai, wa za shi ba shi amanar ko kwando guda gobe? Nawa suna ya gama aiki nai, ya raine ku. Nashi ko bai hwara ba."

Na fito ina share ido, na iske Sahabi tsaye bakin ƙofa. Ya ji komai.

Tsakin nan mun ci shi har damina, wani aka sayar da arha ga masu masa. Malam Maiwada bai daina gaishe mu ba har ya mutu, amma bai sake tsayawa mashiginmu don gumi ba. Gumin Balaraba aka riƙa kira a Birnin Kebbi.

Saura kwana huɗu Sahabi ya koma Zariya, Inna ta sa aka jiƙa buhu biyun da suka rage. Da hantsi muna bazawa sai ga shi. Ya tsaya bakin daɓe, ya kwance igiyar takalminsa, ya cire, ya cire safa, ya kwance agogo ya jefa cikin takalmin. Ƙafarsa fara sol, taushi kamar ta jariri. Baiwa ta buɗe baki za ta yi tsiya, na harare ta.

Ya ce, "Inna, nuna mini."

Ta kama hannunsa ta shigar da shi cikin shanya. Suka riƙa tafiya tare, suna jan layi, ya je ya dawo, yana ɗingishi don shanshera tana sukarsa. Rana tana hawa. Lokaci-lokaci ta ce, "Mi ka ji?" Ya ce ɗumi. Ta ce, "Tahi dai." Can ta sake tambaya, ya ce yanzu zafi a tafin ƙafa, amma tsakanin yatsu da sauran laima. Ta ce, "Tahi dai." Suka yi ta tafiya. Sai na ga ya tsaya cak a tsakiyar daɓe, yana motsa yatsu, ya dube ta. Ta ɗaga masa gira.

Ya ce, a hankali, "Ku tara."

Muka tara, muka lulluɓe, muka kwanta gindin ɗunya, har da shi. Iska ta taso daga gulbi. Kulsumi ta fara wani labari. Idona ya soma nauyi, sai na ga jirgi yana tafe bisa hucin rana, sama da ruwa, na ɗauka irin nawa ne na mafarki. Ashe na Malam Maiwada ne, ya dawo daga ɗaukar kaya na biyu wurin Balaraba, shaƙe da buhuna. Ya zo daidai mashiginmu bai rage tafiya ba. Ya ɗaga hannu daga nesa, Inna ta ɗaga nata, ta riƙe shi a sama har jirgin ya sha kwana.

Sahabi yana kwance rigingine, ya kifa littafin nan mai layi-layi a fuskarsa, kafaɗunsa suna girgiza. Inna ta sauke hannu, ta ɗauki faifai ta shiga yi masa fifita a ƙafa, don duk tafin ya yi ja.